Auna kaifin sautin ganga da na'urar lantarki

Auna kaifin sautin ganga da na'urar lantarki hanya ce da makaɗa, masu haɗa ganguna, injiniyoyin ɗaukar sauti da masu bincike ke bi domin sanin yawan girgizar da fatar ganga ke yi idan an buga ta. Na'urar, wadda ake kira tuner da Turanci, tana ɗaukar amo ta makirufo, ta lissafa yawan girgizar da ke cikinsa, sannan ta nuna sakamakon a lamba ko kuma da sunan sautin kiɗa mafi kusa da shi.

Tun farko an ƙera irin waɗannan na'urori ne domin kayan kiɗa masu tsarkiya da na busa, waɗanda sautinsu yake da tsayayyen kaifi kuma yakan daɗe kafin ya mutu. Ganga ba haka take ba. Bugu ɗaya yana fitar da sautuka da yawa waɗanda ba su jeru bisa tsarin da kunne ya saba ji a tsarkiya ba, kuma suna gushewa da sauri. Saboda haka lambar da na'ura ta nuna ta danganta da wurin da aka buga fatar, da ƙarfin bugun, da kuma wanne daga cikin sautukan na'urar ta kama. Inda ta fi amfani shi ne wajen daidaita ɗaurin fata ta kowane gefe, da kuma maido da ganga kan saitin da aka taɓa aunawa aka rubuta.

Kaifin sauti da ma'auninsa

Sauti yana samuwa ne idan abu ya girgiza ya motsa iskar da ke kewaye da shi. Ana ƙirga yawan girgizar da aka yi cikin daƙiƙa ɗaya da hertz, wanda ake taƙaitawa Hz, sunan da aka ɗauko daga masanin kimiyya ɗan Jamus Heinrich Hertz. Idan girgizar ta yi yawa kunne yakan ji sautin da kaifi, idan ta yi kaɗan ya ji shi da kauri. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Masana suna bambanta abubuwa biyu a nan: yawan girgiza abu ne da na'ura ke iya ƙirgawa, shi kuwa kaifi hukunci ne da kunne da ƙwaƙwalwa ke yankewa. A tsarkiya abubuwan biyu sukan dace da juna, a ganga kuwa sukan saɓa.

A kiɗan Turai, tazarar da ke tsakanin sauti da wanda ya ninka shi sau biyu ita ake kira oktaf, ana kuma raba ta gida 12, kowane gida rabin taki. Mizanin da aka fi bi shi ne sautin A mai 440 Hz, wanda wani taron ƙasa da ƙasa ya ba da shawararsa a Landan a shekarar 1939, hukumar ISO kuma ta tabbatar da shi a 1975, ko da yake ƙungiyoyin makaɗa da dama a Turai suna ɗaga shi zuwa 442 ko 443 Hz. Domin auna ƙananan tazara ana amfani da sent: rabin taki sent 100 ne, oktaf kuma sent 1,200. Wanda ya ɓullo da wannan ma'auni a shekarun 1880 shi ne Alexander John Ellis, Bature ɗan Ingila masanin furuci da kare-karen harshe, wanda ya yi amfani da shi wajen kwatanta kaɗe-kaɗen al'ummomi daban-daban.

Abin da ya bambanta ganga da tsarkiya

Babu kayan kiɗan da ke fitar da sauti guda tilo. Tsarkiyar da sautinta na tushe yake 100 Hz tana fitar da sautukan rakiya a 200, 300, 400 Hz da sauransu, wato kowanne cikakken ninki ne na tushen. Saboda wannan jeri, siffar amon tana maimaita kanta sau 100 a daƙiƙa, kunne ya haɗe su duka ya ji sauti ɗaya, na'ura ma ta samu abin ƙirgawa.

Fatar ganga faifai ce, tana iya lanƙwasa ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Lissafin fata mai kewaye wadda ɗaurinta da kaurinta suka daidaita ko'ina ya dogara da wasu lambobi da ake dangantawa da masanin taurari ɗan Jamus Friedrich Bessel. Idan sautin tushe 100 Hz ne, salon girgiza shida na farko su ne:

- 100 Hz: fatar gaba ɗaya tana hawa tana sauka tare.
- 159 Hz: fatar ta rabu biyu, rabi na hawa rabi na sauka.
- 214 Hz: ta rabu gida huɗu kamar an yanka waina.
- 230 Hz: tsakiya na hawa yayin da zoben gefe ke sauka.
- 265 Hz: ta rabu gida shida.
- 292 Hz: ta rabu biyu, kowane rabi kuma ya rabu ciki da waje.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama cikakken ninkin 100. Siffar amon ba ta maimaita kanta daidai, shi ya sa mutum biyu kan saurari ganga ɗaya kowa ya kwaikwayi sauti daban da bakinsa. Ana iya ganin waɗannan salo da ido idan aka barbaɗa yashi a kan fata tana girgiza, domin yashin yakan taru a layukan da ba sa motsi. Ernst Chladni ne ya shahara da wannan dabara, wadda ya bayyana a 1787 a kan fallayen ƙarfe da na gilashi.

Wurin bugu shi ke zaɓen salon da zai fi fitowa. Bugun tsakiya yana tayar da salo na farko, saboda nan ne ya fi motsi, amma ba ya tayar da na biyu, domin layin da ya raba fatar biyu ta tsakiya ya ratsa. Bugun kusa da baki kuwa salo na biyu yake fitarwa fili. Wannan ne dalilin da na'ura ɗaya kan nuna lambobi biyu masu nisa da juna a ganga ɗaya, alhali duka biyun gaskiya ne.

Abubuwan da ke sauya kaifi

Abubuwa uku ne kan gaba: ƙarfin ɗauri, faɗin fata da nauyinta. Kafin kaifi ya ninka sau biyu, sai ɗauri ya ninka sau huɗu. Ƙarin kusan kashi 12 cikin 100 na ɗauri yana ɗaga sauti da rabin taki. Idan aka rage faɗin fata zuwa rabi aka bar ɗauri yadda yake, kaifi yakan ninka sau biyu. Fatar da ta ninka wata nauyi sau huɗu kuwa rabin kaifinta take bayarwa.

Wannan lissafi na fata ce ita kaɗai. A ganga ta gaskiya, iskar da ke kan fata tana yi mata nauyi ta rage kaifin salon farko-farko, iskar da ke kulle cikin kango kuma tana turo ta. Idan gangar mai baki biyu ce, iskar cikin tana haɗa fatun biyu su yi motsi tare, har sautin tushe ya zama na su biyun. Akwai kuma abin da ke faruwa a lokacin bugun kansa: bugu mai ƙarfi yana miƙe fata na ɗan lokaci, ɗauri ya ƙaru, sauti ya fara da kaifi sannan ya zame ƙasa yayin da yake mutuwa. Zamewar ta fi bayyana a fatar da aka ɗaure sako-sako.

Fatar dabba tana shan laima. Da damina takan saki sautinta ya yi kauri, da hunturu ko cikin rana ta ɗaure ya yi kaifi, abin da ya sa makaɗa kan shanya ganga ko su kanga ta a wuta kafin wasa. Fatar roba ta Mylar, wadda Marion Evans ya fara yi a Amurka a 1956, kamfanin Remo kuma ya yaɗa daga 1957, ba ta damu da laima sosai ba. Sai da irinta ta yaɗu ne rubuta lamba yau a koma mata gobe ya zama abin dogaro.

Tarihi

Kafin zuwan lantarki, makaɗa suna saita kayansu da kunne, suna kwatantawa da murya, ko da wani abin busa, ko da ƙarfen saiti mai yatsu biyu wanda John Shore ya ƙirƙiro a Ingila a 1711. A ƙarshen ƙarni na 19 aka samu timfani mai feda, wanda Carl Pittrich ya yi wa rajista a Dresden a 1881. Irinsa yakan zo da wata allura a gefe mai nuna sunan sauti, sai dai allurar matsayin feda take nunawa, ba ta sauraron amo.

A shekarar 1936 kamfanin C. G. Conn na jihar Indiana a Amurka ya fito da Stroboconn, na'urar lantarki mai fayafayi 12, ɗaya ga kowane rabin taki. Kamfanin Peterson ya fito da tasa mai aiki da tiransisto a 1967. A 1975 kamfanin Korg na Japan ya fito da WT-10, ƙaramar na'ura mai batir da allura wadda ake riƙewa a hannu, daga nan kuma irinta ta bazu a hannun masu kaɗa jita.

Masu ganga sun daɗe ba su amfana da waɗannan ba, sai suka koma ga ma'aunai marasa jin sauti, irin su DrumDial da Tension Watch na kamfanin Tama, waɗanda ke auna taurin fata, da kuma sifana mai auna ƙarfin juya noti. A 2012 kamfanin Overtone Labs na Amurka ya fito da Tune-Bot, na'urar da aka ƙera musamman domin ganga, wadda ake maƙalawa a bakin zobe. A wannan zamanin ne kuma manhajojin wayar salula suka shigo, cikinsu har da iDrumTune ta masanin sauti ɗan Birtaniya Rob Toulson, wanda ya wallafa littafi a kan sautin ganga da saita ta a 2021.

Ire-iren na'urori da yadda suke aiki

Na'urar gama-gari, wadda masu jita da goge na Turai ke amfani da ita, tana neman inda siffar amo ta maimaita kanta, ta auna tsawon lokacin, ta juya shi zuwa hertz. Tana buƙatar sauti mai tsayi wanda bai canzawa. Idan aka ba ta bugun ganga, allurarta takan yi ta yawo, ko ta kama sautin rakiya, ko ta ƙi nuna komai.

Na'ura mai faifai tana aiki ta wata hanya. Mota tana juya faifai mai zane da saurin da aka ƙayyade, fitila kuma tana walƙiya daidai da girgizar sautin da makirufo ya ɗauko. Idan biyun sun dace sai a ga zanen ya tsaya cak. Idan sautin ya fi kaifi zanen ya gangara gefe ɗaya, idan ya gaza ya gangara ɗaya gefen. Na zamani suna kwaikwayon wannan a allo, kuma daidaitonsu yana kaiwa kashi ɗaya cikin goma na sent. Da yake tana nuna sautukan rakiya a layuka daban-daban, masu ƙera gangar ƙarfe ta Trinidad suna yawan amfani da ita.

Na'urorin da aka yi domin ganga suna jiran bugu, su ɗauki ɗan guntun amon da ya biyo baya, su warware shi zuwa sautukan da suka haɗu a cikinsa, su nuna wanda ya fi ƙarfi. Warwarewar ta samo asali daga lissafin Joseph Fourier na Faransa, kwamfuta kuma tana yin ta cikin sauri ta hanyar da James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965. Yawancinsu suna da matata: idan makaɗi ya samu sautin da yake nema sai ya kulle na'urar a kansa, ta yi watsi da duk abin da ya yi nisa da shi.

Ma'aunan tauri, ko masu allura ko masu allon lamba, ba sa jin sauti sam. Ana ɗora su a kan fata, wani ɗan tsinke ya danna ta, su nuna yadda ta lotsa. Suna da amfani a wuri mai hayaniya, amma lamba ɗaya a fata mai kauri da marar kauri ba sauti ɗaya take nufi ba.

Yadda ake auna gangunan bandi

Gangunan bandin zamani suna da fata biyu, ta bugu a sama da ta amsawa a ƙasa. Kowace fata zoben ƙarfe ne ke danne ta, ana ɗaure shi da noti biyar zuwa goma gwargwadon girman gangar. Ana auna abubuwa biyu.

Na farko shi ne sautin gefe. Ana ɗora gangar a kan abu mai laushi domin fatar ƙasa ta yi shiru, sannan a ƙwanƙwasa a hankali kamar inci ɗaya ko biyu daga baki, daidai kowane noti, da ƙarfi iri ɗaya. Wasu sukan ɗora yatsa a tsakiya don kashe sautin tushe. Inda lamba ta yi ƙasa a ƙara ɗauri kaɗan, inda ta yi sama a sassauta. Ana bin noti da kishiyarsa na ɗaya gefen, ba a bin su a jere, kuma ana sake zagayawa sau da yawa, domin taɓa noti ɗaya yana sauya karatun maƙwabtansa da na wanda ke fuskantarsa.

Dalilin wannan wahala yana cikin salo na biyu. Layin da ke raba fata biyu yana iya kwanciya ta kowace fuska. Idan ɗauri ya daidaita, duk fuskar da ya kwanta kaifi ɗaya ne. Idan bai daidaita ba, salon yakan tsage ya zama sautuka biyu makusanta, misali 180 da 184 Hz, kunne ya ji amon yana karkarwa sau huɗu a daƙiƙa. Wannan karkarwar ce makaɗa ke son kawarwa, kuma a nan ne na'ura ta fi kunnen ɗan koyo gani.

Na biyu shi ne sautin tushe. Ana ɗaga gangar fatun biyu su sake, a buga tsakiya. Wannan lambar ce ake kwatanta ganga da ganga da ita. Sautin gefe yakan kai ninki ɗaya da rabi zuwa kusan ninki biyu na sautin tushe, gwargwadon yadda aka ɗaure fatun biyu. Babbar gangar ƙafa mai inci 22 takan zauna a wajajen 50 zuwa 70 Hz, ganga mai wayoyi a ƙasa mai inci 14 kuma a wajajen 170 zuwa 200 Hz, sauran suna tsakani. Makaɗa da dama suna barin tazarar taki biyu ko biyu da rabi tsakanin ganga da mai bi mata domin kowace ta fita daban.

Da yake sautin tushe na fatun biyu ne, ana iya samun lamba ɗaya ta hanyoyi da yawa: a ɗaure sama a sassauta ƙasa, ko akasin haka, ko a daidaita su. Kowace hanya da irin tsawon amonta da yadda fata ke maido da makaɗi. Shi ya sa masu rubuta saiti sukan ajiye lamba uku ga kowace ganga: ta tushe, ta gefen sama da ta gefen ƙasa.

Gangunan da ke da tsayayyen sauti

Timfani, babbar gangar ƙungiyar makaɗan Turai mai kango kamar ƙwarya, wadda siffarta ta yi kama da tambari, ana saita ta a kan sauti sananne. Jerin guda huɗu masu faɗin inci 32, 29, 26 da 23 yana ɗaukar daga kusan 73 zuwa 220 Hz. Ana buga ta nesa da tsakiya, kamar rubu'in tazarar da ke tsakanin baki da cibiya. Salo na farko yana mutuwa nan take, sautin da ake ji kuwa na salo na biyu ne, kamar yadda Lord Rayleigh ya lura tun ƙarni na 19. Nauyin iska yana janyo salon da ke biye su jeru kusan 2, 3, 4, 5, jerin da ya yi kusa da na tsarkiya, kamar yadda gwaje-gwajen Thomas Rossing na Amurka suka nuna. Saboda haka na'urar gama-gari tana iya karanta timfani, ko da yake wani lokaci takan yi kuskuren oktaf guda. Ana amfani da ita wajen sa sabuwar fata da gyara allurar gefe. A tsakiyar wasa kuwa makaɗi da kunnensa yake aiki, domin dole ya bi sauran makaɗa in sun ɗan hau ko sun sauka.

A Indiya, tabla da miridangam sun samu tsayayyen sauti ta hanyar wani baƙin shafi da ake yi da sitaci da garin ƙarfe, ana liƙa shi hawa-hawa a kan fata. C. V. Raman, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1930, ya nuna a 1920 da kuma 1934 cewa wannan nauyi yana tattara salon girgiza su ba da sautuka biyar masu cikakken ninki. Ana saita tabla da 'yar guduma, a buga gungumen katakon da ke ƙarƙashin igiyoyi da kuma kitson bakin fata, har ta dace da sautin da mawaƙi ya zaɓa.

Gangunan Afirka ta Yamma

Jembe, gangar Mali da Gini da ake ɗaurewa da igiya, tana nuna wani tarko. Amonta mai kauri, wanda ake samu da bugun tsakiya, daga iskar cikin kango da wuyansa yake fitowa, kamar amon da ake ji in an busa bakin kwalba. Ƙara ɗauri ba ya sauya shi sosai. Wanda ya sa ido a kan wannan lamba yana jan igiya zai iya fasa fata bai ga lambar ta motsa ba. Bugun gefe ne ke nuna ɗauri.

Kalangu da jauje da kotso na Hausawa, da dundun na Yarabawa, ba su da kaifi guda da za a ce shi ne nasu. Makaɗi yana matse tsarkiyoyin da ke jikin kango ya ɗaga sauti, ya saki ya sauke shi, sau da yawa a cikin bugu ɗaya. Da haka ne kalangun da ke bin waƙoƙin Mamman Shata da kotson Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suke hawa da sauka tare da murya. Abin da na'urar saiti za ta iya bayarwa a irin waɗannan ganguna shi ne iyaka biyu, wato sauti mafi kauri in an saki da mafi kaifi in an matse. Abin da ke tsakani sai manhajar da ke zana tafiyar kaifi a kan lokaci.

A nazarin harshe

Ganga mai magana tana kwaikwayon karin sautin harshe da tsawon gaɓoɓinsa. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da kuma faɗau. Kalmar kuka mai karin sama-sama tana nufin zubar da hawaye, mai karin sama-ƙasa kuma itaciya. Yarabanci yana da kari uku: sama, tsakiya da ƙasa. Masu nazarin wannan fanni suna ɗaukar magana da kiɗan da ya kwaikwaye ta, su zana kaifin kowanne, su kwatanta. Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Praat, ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam. Wani bincike da Cecilia Durojaye da abokan aikinta suka wallafa a 2021 ya nuna cewa dundun yana bin hawa da saukar maganar Yarabanci sosai idan ana magana da shi, kamancin kuma yana raguwa idan aka koma kiɗan rawa.

Abubuwa biyu ne masu bincike ke kiyayewa. Na farko, an tsara manhajojin ne domin muryar mutum, wadda sautukan rakiyarta cikakkun ninki ne, don haka a kan ganga layin da suke zanawa yakan yi tsalle daga wani salo zuwa wani, sai an duba hoton sautukan an gyara da hannu. Na biyu, karin harshe ba ya da tsayayyar lamba. A jimlar Hausa, karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauka ƙasa da na saman da ya gabace shi, har karin sama na ƙarshen doguwar jimla ya iya kusantar karin ƙasa na farkonta. Abin da ke ɗauke da ma'ana shi ne dangantakar gaɓa da maƙwabciyarta, a baki ko a ganga.

Iyakoki

Gajartar amon ganga tana taƙaita daidaiton awo. Idan guntun da aka ɗauka kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne, warwarewa ta kai tsaye ba ta iya raba sautuka biyu da tazararsu ta gaza kusan 10 Hz. A wajajen 100 Hz kuwa rabin taki bai wuce 6 Hz ba. Na'urori suna cike giɓin da ƙiyasi, wanda ke aiki da kyau idan sauti ɗaya ne ya rinjaya, amma yakan rikice idan biyu suna kusa da juna.

Sauran abubuwan da ke ɓata karatu sun haɗa da bambancin ƙarfin bugu, amon wasu ganguna da ke kusa suna amsawa, kuwwar ɗaki, wayoyin ƙarƙashin ganga in ba a sassauta su ba, da makirufon waya wanda bai cika ɗaukar sauti mai kauri sosai ba, kuma yakan cika ya murɗe amo in bugu ya yi ƙarfi. Fatar da ta lotsa, ko zoben da ya karkace, ko bakin kangon da bai daidaita ba, suna hana lambobi haɗuwa komai juya noti. Fatar dabba kuma kaurinta ba ɗaya ba ne ko'ina, don haka ba a sa ran gefunanta su ba da lamba guda. Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne ɗaukar sautin tushe a matsayin na gefe: mai saiti ya ga lamba ta yi ƙasa da wadda yake nema, ya yi ta ɗaurewa har fata ta yage, musamman siririyar fatar ƙasa ta ganga mai wayoyi.

Ra'ayin malaman kiɗa ya rabu. Wasu suna ganin na'ura tana hana ɗalibi horar da kunnensa. Wasu kuma suna ganin tana gaggauta horon, domin ɗalibi yana ganin lambar abin da ya ji. A ɗakunan ɗaukar waƙa da tafiye-tafiyen wasa, inda ake sauya fata akai-akai kuma ake son amon jiya ya dawo yau, rubuta lambobi ya zama al'ada ga masu kula da ganguna da yawa. Ko a can, bayan lambobi sun daidaita, makaɗi yakan buga gangar tare da sauran kayan kiɗa ya yi gyaran ƙarshe da kunne.